Ƙullin Ciyawa a Gidan Balli

Ku da kuke zaune bisa moto, baburanku, bakin gadar Malanbil kuna kallonmu muna fitowa daga ruwa, kuna cewa mu dai Allah ya hutasshe mu, ba shuka ba noma, sai mu je mu kwaso, to ku matso ku ji. Ni ne Alu, Basarke ɗan Basarke, masunci gaba da baya. Shekara arba'in da ɗoriya ina cikin Kwara, kuma tun da nake kifi guda tak na ga ya shigo jirgina da kansa, wata 'yar kawara ce, ita ma tsautsayi ne ya ja ta. Sauran duk sai da na jiƙa wando.

Na jefa birgi, ragar jifa, har kafaɗata ta dama ta fi ta hagu tudu. Na ja mamari mai ƙugiya ɗari-ɗari, ga tabon nan a yatsuna ku duba. Amma abin da anka san ni da shi daga Garu har Madekali shi ne balli. Ku a cikin miya kunka san shi, an yanka gunduwa-gunduwa. Kifi ne dogo, mai manyan ɓawo, da ɗan ƙaramin baki. Ba ya cin tana, ba ya cin ɗan kifi, laka yake tsotsa ya tace abincinsa, don haka in ka ɗana masa ƙugiya da abinci sai ka kwana ka wuni. Yakan taso sama ya shaƙi iska, ka ji fuk, kafin ka juya ya nutse. Kuma shi ne kifin da ke gina gida.

Eh, gida! Kada ku yi dariya. In damina ta zauna, jan ruwa ya sauko, wato ruwan sama mai laka da ke cika gulbi kafin babban ruwan sanyi ya iso daga Mali, sai ya malale fadamar Garu, ciyawar burgu ta tashi har ta shanye mutum. A nan balli da matarsa ke shiga inda ruwa bai wuce ƙugu ba, su ciccije ciyawa, su share fili zagaye kamar faɗin babbar tabarmar kaba, su tara karan a gefe ya zama katanga. Ƙasan su goge shi tas. Wallahi matan gidanmu ba su share tsakar gida haka. A tsakiya ta zuba ƙwai, su biyun su tsaya gadi.

Gidan farko da na gani da idona, Kawu Bagudu ne ya kai ni, yayan mahaifiyata, wanda ya koya mini ruwa. Munka shiga burgu da hantsi, ni da shi da ɗansa Tanko, taubashina, bahago. Kawu ya tsai da jirgi ya ce, “Alu, sauka.” Na duba ruwan, na duba shi. Ya ce, “Sauka mana, matsattsaku ba su cinye mutum duka.” Na sauka. Ya ce in bar kallon ruwa, in kalli abin da ke yawo bisa ruwa. Sai ga guntayen kara, farare a bakin, sabon cizo. Ya ce in bi inda sunka fito, a hankali, ina jan ƙafa ba ɗagawa ba. Na bi, na bi, na buɗe wata ciyawa da hannu biyu, kai! Ga fili zagaye, ruwa kwance luf, ga wani baƙin baya ya gilma ƙarƙashi, tsawon hannuna da rabi. Ihu ya kusa ƙwace mini. Kawu ya miƙo filafilin tuƙi ya ƙwanƙwasa mini kai ya ce in rufe bakin nan.

Ran nan ya nuna mini ƙulli. Al'adarmu ce tun kakanni: wanda ya fara ganin gidan balli, sai ya kama ciyawar da ke bakin gidan ya ƙulle kanta. Shi ke nan, ya zama nasa. Kowa ya zo ya ga ƙulli sai ya karkata jirgi ya wuce, ko da gidansa ba a ɗora tukunya ba. Wanda anka kama ya taɓa ƙullin wani, ba duka ba tara, amma ba mai ƙara riƙe masa bakin taru, ba mai ara masa ko allurar ɗinkin raga. Kuma kowa da irin ƙullinsa. Na Kawu kara uku ne, a naɗe sau biyu. Nawa ina bar masa wutsiya doguwa. Na Tanko kuwa a murɗe yake ta baya saboda bahagon hannu, mummuna kamar ɗaurin akuya, daga nesa kake gane shi.

Kama shi kuma da tsabtarsa ake kama shi. Ka sami ƙugiya mai ƙarfi, ka naɗe ta da ɗanyen ganye, ka ɗaura da gajeriyar igiya a jikin turke, ka kafa turken bakin katanga, ka saki ganyen a tsakiyar gidan. Balli ba ya jure ganin datti kusa da ƙwansa. Zai zo ya ɗauki ganyen da baki don ya fitar waje, sai ƙugiya ta kama. Washegari ka dawo ka tarar da turke na rawa. In ka sake ɗanawa, ka kama ɗayan ma. Ga faɗi da sauƙi, ko? Ku je ku tsaya cikin ruwa daga asuba zuwa azahar, sauro a wuya, matsattsaku a ƙwauri, kan burgu na yanka muku hannu, sa'annan ku zo mu yi magana.

Abu guda ke ba mu haushi da Kawu, ni da Tanko: mantuwa. Mutum ya wuni yana ƙulla gida goma, in anka zo ɗana ƙugiya sai ya koma ma huɗu. In ce, “Kawu, na wajen tsamiya fa?” Ya ce, “Wace tsamiya?” In ce, “Haba Kawu, wanda munka ƙulla shekaranjiya, mai ƙaton nan.” Sai ya sosa ƙeya ya ce, “Af, na sha'afa. Tura mu tafi, rana ta yi.” Tanko ya dube ni, in dube shi, mu cije leɓe. Ga kifi kwance, ba mu da ikon taɓawa don ƙullin ba namu ba ne, wani ma ba shi da iko. In mun keɓe sai Tanko ya riƙa kwaikwayon uban, yana sosa ƙeya yana “wace tsamiya,” muna dariya har da faɗuwa. Na yi wa kaina alkawari, ran da na zama mai jirgin kaina ba gidan da zai ɓace mini.

Allah ya yi wa Kawu rasuwa, Allah shi jiƙan shi, na zama mai jirgin kaina, na kuwa cika alkawari. Dabarar da na fito da ita, ni ne na fara ta a duk fadamar nan, kuma a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni kai. Na saro dogayen sanduna, na yayyaga shuɗiyar leda na ɗaura a kansu. Duk gidan da na ƙulla sai in kafa sanda ta zarce burgu. In na tsaya bisa jirgi na ɗaga kai, ga su nan reras suna kaɗawa. Ko ɗaya ba ya kuɓuce mini. In kama miji, in koma in kama mata.

A daidai lokacin ne kasuwa ta buɗe baki. Hajiya Lamso, mai bandar kifi a bayan kasuwar Malanbil, ita ce babbar mai sayena. Da can kwando biyu take aikawa Paraku ran kasuwa. Sai ga kamiyo, babbar mota mai ƙanƙara, daga Kwatano, ga 'yan Kamba, ga 'yan Gaya, kowa balli, don namansa ba ya wargajewa a tukunya kuma yana jure hanya. Hajiya, mace mai jiki, sai ta tattare zane ta shigo ruwa har gwiwa don kada wata ta riga ta kama bakin jirgina. “Alu, ɗan albarka, ko nawa ka samu nawa ne, kada ka kula waɗanga!” Matan nan su yi ta cacar baki da Dandanci da Hausa a kaina, ni kuwa ina tsaye da filafili ina jin kaina wani ƙusa. Kai, an yi shekaru! Jirgi ya cika har ruwa na lasar baki. Na yi rufin kwano, na sayi moto sabo fil. Kowa ya ga haka ya saro sanduna, wannan jar leda, wancan baƙa, wancan tsumma. Ka hango fadamar Garu ka ce ranar kasuwa ce.

Akwai abin da nake gani kullum ban tsaya na duba ba. In na koma cire turke daga gidan da na kwashe masu shi, sai in tarar da ƙurungu da 'yan tarwaɗa sun cika shi suna wasoso. Ƙwai ne suke sha. Kwana biyu katangar ta rushe. Ni dai in tumɓuke sandata in yi gaba neman wani.

Muguwar shekara ba ta zo da fari ba, shi ya sa ta ɗaure mana kai. Jan ruwa ya zo da kyau, burgu ya tashi kore shar, komai ya yi daidai. Na shiga da sanduna talatin a jirgi. Na ja ƙafa daga safe har la'asar, ban ga guntun kara ko ɗaya ba. Na koma washegari, na koma jibi. Mako uku, gida biyu na samu, su ma ƙanana. Sandunan nan da su matata ta yi girki. Wani maharbi daga wajen Gene, wanda kan kawo mini zabin daji da naman gada mu yi musaya da kifi, ya zo bakin gulbi da jaka wayam, ya tarar da jirgina wayam. Munka kalli juna. Ya ce shi ma dajin haka yake, masu cin nama sun ninka, dajin kuwa sai tsukewa yake, gonar auduga ta ci rabinsa. Ya sha ruwa ya hau kekensa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ran da na biya ta rumfar Hajiya Lamso na tarar tana buɗe kwalin kifin teku mai ƙanƙara da anka kawo daga Kwatano. A Malanbil! Kwara na kwance a bayanta, jifa ɗaya! Ta ce, “To ya zan yi, Alu? Mutane na so, ku kun kasa.” Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido. Mu kuwa in mun zauna inuwa sai rabon laifi. Wani ya ce maganin da masu shinkafa ke fesawa ne. Wani ya ce yashi ne ya cike gulbi. Wani ya ce baƙin masunta ne masu jan taru da gidan sauro, da ba su bar ko ɗan da bai kai yatsa ba. Duk akwai gaskiya ciki. Ba dai wanda ya ambaci leda.

Wata safiya na kai wa Inna Dije, matar marigayi Kawu, uwar Tanko, 'yan ƙarfasa uku, abin da birgi ya ba ni ke nan. Na same ta tana juya kifi a kan banda, hayaƙi na shiga mata ido. Don in sa ta dariya na ce, “Inna, da Kawu na nan bana, ko gidan da zai manta ba zai samu ba.”

Ba ta yi dariya ba. Ta aje itacen hannunta ta ce, “Wa ke mantuwa? Bagudu?”

Na ce, “Haba Inna, kowa ya sani.”

Ta ce, “Mutumin da ya tuna kalar zanen da na ɗaura ran da ya fara ganina, shi ne zai manta gidan balli? Kai Alu, ashe har yau kanku bai buɗe ba. Sai ya dawo ya zauna nan inda kake ya ce, Dije, yau na ɗaure wa ruwa shida. In ya bar su sake, wani zai gani ya kama. In ya ƙulla, ba mai taɓawa har 'ya'yan su fita.”

Na ce, “To mi ya hana shi gaya muna?”

Ta ce, “Ya gaya wa wa? Kai da Tanko? Ai da kun san ba zai koma ba, ku ne na farkon kwancewa.”

Na tashi ban ko yi mata sallama daidai ba. Shekara nawa ina yi wa tsohon nan dariya, ashe ni ne abin dariyar.

Da jan ruwa ya sake zagayowa, ni ne na farko a fadama. Ana sallame asuba ina cikin jirgi, ba sanda, ba leda, ba ƙugiya. Na ratsa inda ban taɓa ratsawa ba, har ƙirji, har wuya. Duk gidan da na gani in ƙulla, in bar masa wutsiyata doguwa don kowa ya san na Alu ne, in wuce. Goma sha ɗaya na samu a daminar duka. Cin gidana kuwa daga birgi, sai kuma aikin albasa da na riƙa yi wa mutanen Garu, ni da ban taɓa riƙe kalme ba. Sun sha dariyar kunyar shukar da nake ja, a karkace take fita.

Tanko ne ya fara ganewa, ai ya san hannuna. Ya tare ni a tsakiyar burgu, jirginsa ya bugi nawa. Ya ce, “Kai, ƙullinka na bakin rafi ya kwana shida, ba turke. Mi kake nufi?” Na gaya masa abin da uwarsa ta ce, kalma da kalma. Ya ce, “Sai ka dafa labarin ka ba 'ya'yana su ci. Baki tara gare ni a gida, Alu. Kai ka yi kwanonka, ka sayi motonka da ballin nan, yanzu da ya rage saura kaɗan ka zama malami?” Bai kuwa yi ƙarya ba. Ya kai ni ƙara wajen sarkin ruwa.

Anka taru ƙarƙashin gawo bakin mashaya, masunta sun fi talatin. Abin da Tanko ke nema a fili yake: a ce ƙulli in ya kwana uku ba a ɗana ba, ya mutu, kowa na iya kamawa. Kuma mutane da yawa na bayansa. Na san in anka yanke haka, kafin Juma'a ba sauran gida ko ɗaya, kuma wata damina ba za mu ga balli ba ko na rantsuwa. Sarkin ruwa tsoho ne tukuf, sa'an Kawu, tare sunka yi ƙuruciya a ruwa. Ya saurari Tanko har ya gama. Ya juyo ya ce, “Alu, kai ka ƙulla?”

Na ce, “Ni ne, ranka shi daɗe.”

“Mi ya hana ka komawa?”

Na shirya dogon bayani tun daga gida, wallahi duk ya gudu. Sai na ji hannuna ya tafi ƙeya da kansa. Na ce, “Mantuwa, ranka shi daɗe. Kawuna na gado.”

Wuri ya fashe da dariya, har masu jin haushina. Tsohon bai yi ba. Ya kalle ni ya ce, “Na zauna da Bagudu shekara hamsin. Na san irin mantuwar gidansu. Tun da nake ban ji an kwance ƙullin mutum don ya manta ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Ku tashi.”

Tanko ya kakkaɓe riga ya tafi. Daga ran nan ya daina yi mini wasa. Taubashi ya gamu da kai ya ce “ina kwana” kamar baƙo, ba zagi ba tsiya, wannan ya fi mari ciwo. Kuma ba duka ƙullina sunka tsira ba. Uku na tarar an yanke, an kwashe masu gidan. Ban san wa ya yi ba, ban kuma bincika ba.

Amma takwas ɗin nan! Ran da na koma duba na bakin rafi, na tarar da katanga a buɗe, gida wayam, na ce shi ma an kwashe. Sai na ga ruwa na tafasa can gaba kaɗan. Na matsa. Jama'a! Wani baƙin dunƙule ne kamar faifai yana juyawa bisa ruwa, 'ya'yan balli ne, dubbai, kowane bai kai ƙaramin yatsana ba, su taso tare su shaƙi iska su nutse tare, uban na kewaya su ta dama, uwar ta hagu. Shekara talatin ina kashe kifin nan ban taɓa ganin 'ya'yansa sun fita gida ba, don ban taɓa bari ba. Na tsaya cikin ruwa har ƙirji ina dariya ni kaɗai, ina “ku tafi, ku tafi, Allah shi kiyaye!” Wani Bafillace da ke shayar da shanu a gaɓa ya kora dabbobinsa ya matsa nesa.

Ba zan ce muku Kwara ta koma yadda take ba. Ina! Masu ci kullum ƙaruwa suke, kamiyo bai daina zuwa ba, Hajiya Lamso har gobe tana buɗe kwalinta. Fadama guda ce nake magana, a gulbin da ya ratso ƙasashe. Amma damina ta biyu na ƙulla ashirin da wani abu, na ci shida. Ta uku na daina iya zagaye su ni kaɗai, ƙafa ta fara gajiya, kuma shi ne abin da ke damuna, don duk gidan da ban riga kowa gani ba ya tafi.

A daminar ukun nan ne, wata safiya, na tura jirgi can ƙurya wajen tsohuwar tsamiya, inda na kwana biyu ban leƙa ba. Na ga guntayen kara, na sauka, na ja ƙafa, na buɗe ciyawa. Gida ne ƙato, amma an riga ni. Ga ƙulli a bakinsa, a murɗe ta baya, mummuna kamar ɗaurin akuya. Na ce shi ke nan, wannan ya tafi tukunya. Har zan juya sai na lura kan ciyawar da anka ƙulla ya bushe, ya yi ja, ya fi mako. Na duba bakin katanga, ba turke, ba ramin turke. Na leƙa ciki, ga baƙin dunƙule na juyawa. Na yi gaba kaɗan, ga wani ƙullin irinsa. Ga wani. Biyar na ƙirga, duk sun bushe.

Ban san lokacin da na iso mashaya ba, filafili har yana kuka. Na sami Tanko zaune ƙarƙashin gawo, ya saƙale raga a babban yatsan ƙafa yana ɗinki da hagunsa. Na tsaya a kansa, ruwa na ɗiga daga wandona. Na ce, “Kai bahagon banza, ƙullinka na wajen tsamiya ya bushe.”

Bai ɗago kai ba. Ya ja zare, ya cije shi da haƙori. Ya ce, “Wace tsamiya?”

Na ce, “Tsamiya nawa gare mu a fadamar nan?”

Sai ya aje allura, ya kai hannu ƙeya ya sosa.

Ya ce, “Af, na sha'afa. Matsa daga kaina, mai kan ƙurungu, kana jiƙa mini raga.”